Malam Nata'ala da Motar da Ta Rage Ƙugu Ɗaya

Shekara arba'in da huɗu ke nan, da an sallame asuba a masallacin layinsu da ke Limawa, Malam Nata'ala yake ɗaukar kekensa ya nufi garejinsa a bakin hanyar Kiyawa. Ba ya tsayawa hira. Koko da ƙosan da matarsa Inna Rakiya ta haɗa masa suna rataye a hannun keken, kuma sau da yawa sai sun huce sarai kafin ya tuna da su. In ya isa, ba guduma yake fara ɗauka ba. Hannu yake wankewa, ya goge shi tas, sannan ya bi motocin da ke jiran gyara ɗaya bayan ɗaya yana shafa jikinsu da tafinsa, idonsa a can wani wuri, kamar mai taya akuya a kasuwar Shuwarin. Inda hannun ya tsaya, nan zai zana da alli. Sai bayan nan unguwa take jin bugun farko.

Mai gyaran bodi ne, wato mai miƙar da jikin mota in ta yi karo. Direbobin da ke jigila tsakanin Dutse da Kano sun san shi sarai, wasu ma sun san shi da fushi, don ba ya yarda ya lafta wa tsatsa fila, wato ƙullun cike lotsa, ya rufe ta da fenti komai saurin da mai mota yake yi. Akwai bas ɗin da ta wuntsila kusa da Taura, rufinta ya sauko har kan kujeru, kowa ya ce a kira 'yan gwangwan su yanka ta. Sati uku ya yi a cikinta da jak da guduma. Har yau tana ɗaukar fasinja zuwa Haɗeja, kuma in ba a faɗa maka ba ba za ka nuna inda ta taɓa lotsewa ba.

A wannan shekarar ya ajiye guduma, domin rawar da hannunsa na dama yake yi ta ƙi tsayawa. Ya cancanci a jinjina masa tun da daɗewa, ba mu yi ba. Yanzun ma da za mu yi, ba za mu yi da kai a ɗage ba, saboda akwai abin kunya a ciki, namu na mutanen gari da kuma na babban ɗansa, Injiniya Musaddiq, wanda shi da kansa ya ce a rubuta komai, kada a sakaya sunansa.

Abin da ya bambanta Malam Nata'ala da sauran masu bodi motoci uku ne da ya ƙera da hannunsa. Irin tsofaffin motocin Amurkan nan ne na shekara hamsin da ɗoriya baya, masu faffaɗan ƙirji da injin silinda takwas, waɗanda ko a can ƙasarsu sun yi ƙaranci. Bai taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Ta farko a kalanda ya gan ta, a shagon wani mai sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya roƙi takardar ya naɗe ta a aljihu. Mustang ce sunanta, shi kuwa Doki yake ce mata, saboda hoton dokin da ke hancinta. Ta biyu, Superbird, wani Alhaji mai fataucin kifi a Haɗeja ne ya kawo masa 'yar ƙaramarta ta wasa daga Dubai ya ce a yi masa babba. Hancinta tsini ne, bayanta kuma ga wani fiffike da ya fi rufinta tsawo, don haka ta zama Mai Fiffike. Ta uku, Charger, ba wanda ya sa shi. Don kansa ya fara ta, ya kira ta Baƙa tun kafin ta ga fenti.

Yadda yake yin su shi ne abin da muka shekara muna yi wa dariya. Mahaifinsa maginin rumbu ne a wani ƙauye bayan Kiyawa, kuma da hannun maginin rumbu ya shigo harkar ƙarfe. Sai ya auna 'yar motar wasan da zare, ya ninka zaren sau goma sha takwas, ya kafa ƙashin mota da gora da kara a kan dandamalin katako. Sannan ya sa a kawo masa ƙasar suri, ya kwaɓa ta da daddatsattsiyar ciyawa, ya yi ta yaɓawa yana shafewa, wata huɗu, wata biyar, har mota ta fito cif da girmanta, ta ƙasa. Uwa yake ce mata. In ta bushe sai ya shafe ta da bula irin ta wanki. Ƙarfen kuwa a cikin tsohon turmi da kan buhun yashi yake bugunsa, ya ɗauko ya kifa a jikin uwar, ya ɗaga. Duk inda bular ta kama, nan ƙarfen ya taɓa. Sai ya koma turmi. Haka zai yi ta kai da kawowa har ranar da zai ɗaga ya ga cikin ƙarfen ya yi shuɗi gaba ɗaya.

Mu kuwa da muke wucewa, kabarin Samudawa muke kiran uwar. Muna tambayarsa buhun gero nawa za ta ci. Akwai wanda ya taɓa tsayawa a kan babur ya ce, “Malam, in ka gama a zo a yi mata jinka kafin damina.” Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ci gaba da yaɓensa. Da Doki ta fito kan titi tana gurnani, mu ne dai muka fi kowa gudu zuwa ɗaukar hoto a jikinta, kuma ba wanda ya koma ya ce masa yi haƙuri.

Kai ne, Malam Nata'ala, ɗan maginin rumbu, ka zauna cikin dariyarmu shekara da shekaru ba ka taɓa mayar mana da baƙar magana ba. Mun ɗauka rashin wayo ne. Ashe aiki ne ya yi maka yawa.

Bayan la'asar akan taru a gindin darbejiyar bakin garejin, kuma gardamar da ba ta ƙarewa ita ce wacce ta fi wuya a cikin ukun. Malam Kamilu mai fenti, maƙwabcinsa a sana'a tun suna samari, kullum Mai Fiffike yake zaɓa.

“Ni na fesa ta,” in ji shi. “Sai da na hau benci kafin na kai saman fiffiken nan. Ga hanci kamar na kifi. Wallahi wannan ba mota ba ce, jarrabawa ce.”

Musaddiq, wanda yake koyar da aikin injiniya a wata kwalejin fasaha, Doki yake zaɓa, kuma yana da hujja. Ita ce ta fari, babu wanda aka koya a kanta. Sa'ar da aka ci ita ce tazarar tayoyinta kusan ɗaya ce da ta Fijo 504, sai aka ɗora ta a kan ƙasan Fijo. Amma gilashin gaba ya kusa kashe aikin, tunda gilashi ba ya buguwa. Wata takwas mahaifinsa ya yi yana bin wuraren da ake yanka tsofaffin motoci har ya sami wanda lanƙwasarsa ta kusa, sannan ya gina rufin a kewaye da shi.

Wata rana Malam Nata'ala ya gaji da jin su, ya ajiye kofin shayinsa.

“Kamilu, fiffike ai aikin kafinta ne. Hancin ma lanƙwasa ce mai yawa, ita kuwa lanƙwasa mai yawa ɓoye laifi take yi. Gilashi kuma wahalar ƙafa ce, ba ta hannu ba. Ku dai ku dubi ƙugun Baƙa. Daga bakin ƙofa har fitilar baya ƙarfe ɗaya ne, ya fi tsawon mutum. Ka gan shi kamar a miƙe, alhali ba a miƙe yake ba. Tasowa yake a hankali, ya cika a saman taya, ya sake kwantawa, ga layi guda ya ratsa shi wanda in ya kauce da faɗin ƙwayar gero kowa zai gani. Sannan a zo a sa baƙin fenti. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Duk gudumar da ka buga cikin fushi, rana tana fitowa za ta nuna ta.”

Daga ranar ba a sake gardamar ba. Baƙa tana zaune a kan ƙasan wata Fijo a-kori-kura, da injin wata jif da ta yi hatsari. Ƙugunta na hagu ya ci masa wata bakwai, ya fito yadda yake so. Na dama ne ya rage. Ya riga ya shafa wa uwar bula a wannan gefen, ya yanka ƙarfen, lokacin da abin ya faru, a daminar bara waccan.

Wani ne ya ɗauki bidiyon Mai Fiffike a gidan mai ya sa a waya, abin ya bazu. Sai wani mai suna Zuhair, mai tashar nuna motoci a intanet, ya bugo daga Abuja yana so ya zo da masu kyamara. Musaddiq aka miƙa wa wayar, tunda shi ne mai Turanci. Aka tsayar da ranar Laraba a cikin Agusta. Ranar Litinin yayan Inna Rakiya ya rasu a Taura, Malam Nata'ala ya rufe gareji suka tafi zaman makoki, ya bar wa ɗansa makulli.

Ranar Talata Musaddiq ya buɗe rumfar ya tsaya shi kaɗai, ya dube ta da idon baƙo. Ga turame uku, ɗaya a tsage. Ga buhunan yashi. Ga uwar Baƙa ta cinye rabin wurin, ciyawa tana leƙowa daga ƙasanta, wata kaza ma ta yi ƙwai a gindinta. Ya tuna abokan karatunsa da ke Abuja da Legas, ya tuna duk za su kalla. A gaskiya ba mugun mutum ba ne, kuma yana son mahaifinsa. Amma a wannan safiyar kunyar ƙasar nan ta fi ƙarfin sonsa.

Ya kirawo 'yan dako shida, aka samo bututun ƙarfe aka zura ƙarƙashin dandamalin. Malam Kamilu ya jiyo hayaniya ya fito da tsumma a hannu.

“Kai Musaddiq, me ake yi haka?”

“Baba Kamilu, ɗan matsar da ita za mu yi bayan katanga. Kwana ɗaya ne kawai.”

“Uwar za ka fitar? A cikin Agusta? Ka ɗaga kai ka dubi sama mana.”

“Akwai tamfol. Ka san mutanen nan, in suka ga wannan cewa za su yi mu 'yan ƙauye ne.”

“Yo da 'yan ina ne mu?”

Musaddiq ya juya ya ce wa 'yan dako su tura. A bakin katanga dandamalin ya ɗan karkace, aka ji wata ƙara ƙas, tsaga ta fito a saman tayar baya. Ya ga tsagar da idonsa, ya ja tamfol ya rufe. A inda uwar take ya kafa tebur, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora kwamfutarsa da hoton motar da ya sauko da shi daga intanet yana juyawa a kan allo. Turamen kuwa shagon Malam Kamilu aka kai su aka ɓoye.

Baƙi suka zo Laraba da hantsi. Suka ɗauki Doki, suka ɗauki ƙugun Baƙa na hagu, Zuhair yana ta shafa shi yana salati. Ya tambayi yadda aka fitar da wannan siffa ba tare da injin matse ƙarfe ba. Musaddiq ya nuna kwamfuta. Ya yi bayani mai daɗi da Turanci mai kyau. Ya ce shi yake zanawa, mahaifinsa kuma yana taimaka masa da bugu. Yana cikin faɗar haka hadari ya haɗo daga gabas. Kafin azahar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, iska ta ɗauke tamfol ta maƙala shi a kan darbejiya. Musaddiq ya hango shi yana kaɗawa a can. Kyamara tana kansa, bai motsa ba.

Cikin ruwan nan Malam Nata'ala ya sauka daga motar Taura, ya shigo rumfa jagab, babbar rigarsa ta manne masa a jiki. Ya dubi tebur, ya dubi farin ƙyalle, ya dubi wurin da uwar take da. Zuhair ya yi murna ya jawo shi gaban kyamara.

“Baba, sannu da zuwa. Ya kake ji da wannan ɗa naka da ya ƙera irin waɗannan motoci?”

Musaddiq ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin shiru mai tsawo kamar wannan ba, ko da yake a bidiyon bai kai ƙiftawa uku ba.

“Alhamdulillahi,” in ji Malam Nata'ala. “Allah ya ba ni ɗa mai ilimi. Ku sa masa albarka.”

Da baƙi suka tafi ya zagaya bayan katanga. Ba mota a wurin. Tulin laka ne da karare a tsaitsaye, ruwa mai shuɗi-shuɗi yana gangarawa kwata. Sannan ya ce, “Ikon Allah,” ya ɗauki buta ya yi alwala. Malam Kamilu, wanda yake kallonsa ta tagar shagonsa, ya ce shi ne ya yi kukan a madadinsa.

Kai ne aka rushe wa aikin wata biyar, aka mayar da kai ɗan taimako a garejinka, aka kuma miƙo maka abin magana a gaban duniya. Kalma ɗaya ta ishe ka. Ka zaɓi ka rufa wa ɗanka asiri da jiƙaƙƙiyar rigarka.

Da a ce laka ce kawai aka yi asara, da da sauƙi. Ba a gina uwa da damina, don ba za ta bushe ba. Dole a jira kaka. Kafin kaka ta zo, Inna Rakiya ta lura shayi yana zuba daga kofin mijinta in ya ɗaga shi. Aka je asibiti, likita ya ce za a iya rage wa rawar sauri amma ba za a tsayar da ita ba. Watannin da ya kamata ya yi yana bugun ƙugun dama, su ne na ƙarshe da hannun yake jin maganarsa, kuma a zaune ya yi su yana jiran ruwa ya ɗauke. Musaddiq injiniya ne, ya iya lissafi. Ba sai an yi masa wannan ba.

Ya yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar da ya sani. Ya yanka kwali ya ɗauki siffar ƙugun hagu a wuri goma sha biyu, ya juya ta, ya kai Kano wurin masu bodin da ake ji da su. Suka yi masa cikin sati biyu, suka cike abin da ya rage da fila. A inuwa ya yi kyau ƙwarai. Malam Kamilu ya fesa masa baƙi, aka fito da shi rana, sai ga shi yana rawa kamar ruwa a cikin daro. Malam Nata'ala ya bi shi da tafin hagu tun daga farko har ƙarshe, ya ce, “Sun yi ƙoƙari.” Musaddiq da kansa ya kwance shi ya jingine a bayan katanga.

Bidiyon kuwa ya yi farin jini. A kwaleji aka riƙa ce masa Injiniya mai ƙera mota. Aka gayyace shi taro ya yi jawabi, ya ce ba shi da lafiya. Mu da muka san gaskiya, mu da muka ga tsohon nan da laka har gwiwar hannu shekara talatin, muka tura wa 'yan'uwanmu bidiyon muna cewa ga ɗan garinmu. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai rubuta a ƙasansa cewa ba haka ba ne. Ɗan boko da kwamfuta ya fi mana daɗin nunawa.

Shi kuwa Musaddiq ya daina bin hanyar Kiyawa, sai ya zagaya. In ya je gida gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, a amsa masa a taƙaice, ya tashi. Ɗan fari ne, kuma a gidajenmu uba ba ya sakin fuska da ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Wannan alkunya ta zame masa maɓoya. Kowa ya gan shi zai ce ladabi ne, shi kaɗai ya san tsoro ne. Kusan shekara biyu ya yi a haka, Baƙa tana rumfa an lulluɓe ta, gefe ɗaya mota, gefe ɗaya rami.

Malam Kamilu ne ya tare shi a bakin masallacin Juma'a.

“Gobe Asabar babanka zai raba gudumominsa. Ya kira duk waɗanda suka koyi aiki a hannunsa.”

“Na ji, Baba Kamilu.”

“Ka ji. To za ka zo, ko shi ma ta kwamfuta za ka yi?”

Ba wani biki aka yi ba. Tabarmi ne a gindin darbejiya, da lemo, da mutum kamar talatin: direbobi, maƙwabta, da tsofaffin almajiran sana'arsa waɗanda yanzu kowa yake da garejinsa da furfurarsa. Malam Nata'ala ya jera gudumomi goma sha ɗaya a gabansa yana miƙa wa kowa tasa da hannun hagu. Ya kai ta bakwai sai ga Musaddiq. Ya cire takalmi, ya ratsa mutane, ya durƙusa gwiwa biyu a kan ƙasa, ba a kan tabarma ba. Sai ya ce:

“Baba, ni na fitar da uwar. Baba Kamilu ya hana ni, na ƙi. Na ga ta tsage na rufe. Na ga iska ta ɗauke tamfol ban tashi ba. Na ce wa baƙi ni nake zanawa, alhali ko layi ɗaya ban taɓa ja a motocin nan ba. Kunyar ƙasar na ji, Baba. Ni na ci maka watannin da suka rage wa hannunka. Ka yafe mini.”

Kowa a wurin ya san labarin, amma ba a taɓa jin sa da baki ba. Wasunmu muka sunkuyar da kai, don da an bi layi da mu ma muna da abin faɗa.

Malam Nata'ala ya ɗora hannunsa mai rawa a kan gwiwarsa ya danne shi da ɗayan. Bai dubi ɗan ba, Malam Kamilu ya duba, kamar da shi yake.

“Kamilu, ka tuna yaron nan yana ɗan shekara bakwai? Kullum aka tashi makaranta nan yake zuwa, ya tsoma hannu a kwaɓi. Me nake ce masa?”

Malam Kamilu ya kawar da kai.

“Faɗa mana, ai kana nan. Cewa nake, tashi ka wanke hannunka, ƙazanta ce. Je ka ka yi karatu kada ka zama irina. Har dukansa na taɓa yi a kan ya ɓata rigar makaranta da laka. To wa ya koya masa kunyarta? Ni ne. Shekara biyun nan da yake zagaye hanya, ni ma ban iya kiransa ba, don ban san da wane baki zan yi masa faɗa ba.” Sai a nan ya juyo. “Na yafe maka duniya da lahira, Injiniya. Kai ma ka yafe mini.”

Musaddiq ya kifa fuskarsa a ƙasa ya yi kuka irin wanda babba ba ya so a gani. Gudumomi huɗun da suka rage ba a raba su ba ranar.

Ba za mu ce muku komai ya gyaru ba, don bai gyaru ba. Hannun bai dawo ba. Da rani ya shiga, an ga malamin kwaleji ɗan shekara talatin da shida ya naɗe wando yana taka kwaɓin ƙasar suri a bakin titi, inda abokan aikinsa suke wucewa a mota suna rage gudu. An sake gina uwar, tsohon yana nunawa da baki, ɗan yana yaɓawa. Yanzu kullum bayan la'asar Musaddiq yana bakin turmi da guduma, tafinsa duk ya yi kanta. Ya lalata falle tara na ƙarfe. A na goma ne, makon jiya, Malam Nata'ala ya rufe ido ya bi shi da hannun hagu, ya wuce, ya dawo, ya tsaya a wani wuri kusa da saman taya.

“Nan,” in ji shi. “Daidai faɗin tafin nan. Nan ya yi.”

Faɗin tafi ɗaya ke nan, a ƙarfen da ya fi tsawon mutum. Malam Kamilu ya tambayi tsohon ko yana ganin za a gama. Ya ce bai sani ba, mai yiwuwa ba da shi za a fesa fentin ba.

Malam Nata'ala, na Rakiya, mai guduma mai jin magana, mun gode. Mun gode da motocin da ka tayar bayan an fid da rai da su, da ƙarfen da ka ƙi rufewa da ƙarya, da Doki da Mai Fiffike da suka sa aka san akwai hannu a Dutse. Kai ne ka ƙera su, da zare da kara da ƙasar suri da bula, ba wani ba, kuma mun rubuta shi a nan don ya zauna. Ka yafe mana dariyar, ka yafe mana shirun da ya fi dariyar muni. Allah ya sassauta wa hannunka, ya sa ka ga Baƙa a kan titi da ƙugunta biyu.

Ku kuma masu karatu, masu sana'a su ɗauki gaskiyarsa da haƙurinsa. Sauranmu kuwa, duk wanda yake da tsoho a gida mai sana'ar da ke ɓata riga, wanda yake kauce wa ambatonsa in ana hirar iyaye a ofis, ya tashi ya je ya zauna kusa da shi ya ce a nuna masa. Ya je tun hannun bai fara rawa ba.